Buhun Gero Naira Ɗaya

An yi wani Alhaji mai fataucin hatsi a kasuwar Dawanau, wadda ke bayan garin Kano a kan hanyar Katsina. Gero, dawa, masara, wake, riɗi, babu irin da ba ya saye ya jibge. Yana da sito-sito a jere, yana kuma da dillalai a kasuwannin ƙauye masu tara masa kaya suna lodawa a mota. Da yawansu tun da damina yake ba su kuɗi, su biya da hatsi in kaka ta yi, saboda haka bashi ba ya yankewa tsakaninsa da su.

Lissafin wannan duka yana hannun wani dattijo da kowa ke kira Baba Ma'aji. Da mahaifin Alhaji ya fara aiki, Alhaji ya gaje shi tare da sito. Ofishinsa wani ɗan ɗaki ne a bakin babban sito, mai taga ɗaya da aka yi wa ƙarafa, kuma ta tagar nan ake kowace magana. In yaron dillali ya zo ya ce an aiko shi tambayar kuɗin wake, tsoho zai faɗa masa ko kai bai ɗaga ba, don farashi ba abin ɓoyo ba ne. Amma in yaro ya ce an aiko shi a rage wa ubangidansa bashi, sai Ma'aji ya sauke tabarau, ya dube shi daga hula har takalmi, ya tambaye shi ɗan wane ne, ina takarda, wa ya sa hannu. An sha yin fushi da shi a kan haka. Bai taɓa fasawa ba.

Ana nan sai ɗan ƙanwar Alhaji, wanda ake kira Auta, ya gama karatun kwamfuta ya dawo gida ba aiki. Yaro ne mai kaifin kai, ga ladabi, ga son a yaba masa. Ya ce wa kawunsa zai iya kwashe duk abin da ke cikin littattafan Baba Ma'aji ya zuba a kwamfuta, ta yadda ko Alhaji yana Makka zai ga yawan buhunan da ke sito. Alhaji ya ce bismillah.

Auta ya zaɓi wani tsari na gina manhajar intanet mai suna web2py, wanda wani malami ɗan Italiya, Massimo Di Pierro, ya fitar a 2007 yana koyarwa a Jami'ar DePaul da ke Shikago a Amurka. Da harshen Python ake rubutu a cikinsa, kuma da yake don koyar da ɗalibai aka fara yin sa, komai nasa a sauƙaƙe yake. Kafin damina ta tsaya Auta ya gama. Shafi ya fito tsaf, ga kaya, ga farashi, ga sunan kowane dillali da abin da ake bin sa, kuma ba mai shiga sai da suna da kalmar sirri. Alhaji ya yi murna har ya tara yaran sito ya ce daga yau abin da kwamfuta ta faɗa shi ne magana. Aka ɗaure littattafan Ma'aji da igiya aka ɗora bisa kabad. Aka bar masa makullai da kujerarsa, don ba a korar irinsa. Tsoho ya ce Allah ya sa albarka, ya ci gaba da jan carbinsa.

Ba a daɗe ba dillalai suka fara ƙorafi. Suka ce a ƙauye sabis ba shi da ƙarfi, kafin shafin Auta ya buɗe mai kaya ya gaji ya sayar wa wani. Su dai a ba su wani ɗan abu a waya, su danna su ga farashi, su danna su aika da oda. Auta ya ce wannan ai ba wuya, akwai abin da ake kira kiran aiki daga nesa.

Da yake ba shi da wanda zai yi wa bayani a kasuwar, sai ya zauna bakin tagar Ma'aji yana yi masa. Ya ce manhajar da ke waya ba sai ta ɗauko shafi gaba ɗaya ba. Za ta aika da ɗan gajeren saƙo zuwa kwamfutar da ke riƙe da lissafi, wato saba, a cikinsa akwai sunan aikin da take so da abin da aikin ke buƙata. Ta ce farashi, gero. Saba ta yi aikin, ta mayar da amsa, shi ke nan. Ya ce dabara ce tsohuwa, wani Ba'amurke Bruce Nelson ne ya raɗa mata suna a 1981, kuma a 1984 shi da Andrew Birrell suka bayyana yadda suka gina ta a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Kalifoniya. Ma'aji ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ashe ɗan aike ne. Ya zo taga, ya faɗi abin da aka aiko shi, a ba shi amsa ya koma." Auta ya yi dariya ya ce wallahi Baba ya fi malamansu iya bayani.

A web2py aikin bai fi cikin cokali ba. Ana rubuta hanya guda mai suna call wadda duk saƙonni za su bi, sannan duk aikin da ake so a iya kira daga waje sai a ɗora masa layi ɗaya a kansa, @service.jsonrpc2, shi ke nan ya fito fili. Auta ya ɗora wa farashi. Ya ɗora wa saura, mai faɗin buhunan da suka rage. Ya ɗora wa oda. Sai Alhaji ya ce shi ma yana so ya riƙa sauya farashi daga wayarsa, in dillali ya kawo kaya kuma ya rage masa bashi nan take. Auta ya ɗora wa canza_farashi, ya ɗora wa rage_bashi. Bai ga dalilin yin manhaja biyu ba, sai ya yi guda ɗaya ta kowa da kowa, ya ɓoye maɓallan nan biyu yadda ba za su bayyana ba sai a wayar kawunsa. A saman call kuwa ya sa layin da littafin web2py ya ce a sa, @auth.requires_login(), wanda ke hana kowa wucewa sai ya faɗi ko shi wane ne.

Alhaji ya aika wa dillalai cewa su hallara ranar wata Laraba da safe a sa musu abin a waya. Kaka ta kama, sabon gero ya fara shigowa, kowa na sauri.

Daren Talata, bayan isha'i, Auta ya zauna gwaji na ƙarshe. Ya danna farashi, waya ta yi shiru. Ya sake dannawa, ta ce an sami matsala. Ya bi saƙon ya ga abin da ke faruwa: manhajar na zuwa saba ba suna ba kalmar sirri, saba kuwa sai ta mayar mata da shafin shiga, irin wanda ake nuna wa mutum a burauza. Ita kuma manhajar amsa gajera take jira, ba ta san yadda za ta yi da shafi ba.

Ya san gyaran. Sai ya kunna allow_basic_login domin manhaja ta iya aika suna da kalmar sirri tare da kowane saƙo. Sai ya buɗe wa kowane dillali asusunsa. Sai ya sa wa saba takardar shaida ta HTTPS, don irin wannan shiga ba ta ɓoye kalmar sirri a hanya, duk wanda ya tare saƙon zai iya karanta ta. Sai ya ƙara wa manhajar fuskar shiga, ya sake haɗa ta, ya sake gwadawa. Ya lissafa, ya ga aikin kwanaki ne, shi kuwa dare ɗaya gare shi, daren ma an ɗauke wuta, batirin kwamfuta ya yi rabi.

Waya ta yi ƙara. Kawu ne. Ya ce, "Auta, mutanen nan wasu tun yamma suka iso, a masallacin kasuwa za su kwana. Ina fata komai ya kammala?" Auta ya buɗe baki zai ce Kawu a ƙara mini kwana uku. Maganar ta zo har leɓe. Sai ya tuna ranar da aka ɗaure littattafan Ma'aji, da yadda Alhaji ya dafa kafaɗarsa a gaban mutane. Ya ce, "An gama, Kawu. Saura ɗan abu kaɗan."

Ya ajiye waya ya zuba wa layin nan ido. A Python, in aka sa alamar # a gaban layi, kwamfuta tsallake shi take yi kamar babu shi. Dannawa ɗaya ce. Ya fara yi wa kansa tambayoyi yana ba kansa amsa, kuma duk amsoshin masu daɗi ne. Wa ya san adireshin sabar nan? Ba kowa. Dillalin da sai an karanta masa saƙon waya, shi zai san JSON, salon da ake rubuta saƙonnin da shi? Maɓallan ma ai a ɓoye suke. Kuma ba cirewa zai yi ba, rufewa ce ta kwana ɗaya, jibi in an watse ya zauna ya yi abin yadda ya kamata. Ya tashi ya sha ruwa, ya dawo, ya sa alamar. A gefenta ya rubuta wa kansa: na wucin gadi, a mayar jibi. Ya danna farashi, kuɗin gero ya fito kafin ya ɗauke yatsa. Ya kwanta ya yi barci mai daɗi.

Da safe aka yi taro, aka sa wa kowa, har Baba Ma'aji aka sa wa a tsohuwar wayar da jikarsa ta ba shi. Dillalai suka yi ta sa wa Auta albarka. Washegari mota ta lalace a hanya da kaya, aka tura Auta. Bayan nan wani ya ce wayarsa ba ta karɓa. Bayan nan Alhaji ya ce a ƙara riɗi da zoɓo a jerin kaya. Abin da ke aiki ba ya kiran mai shi, alamar nan ta zauna inda take har sanyi ya shigo.

Wata rana da la'asar Ma'aji ya kira Auta ya ce yana da tambaya irin ta jahilai. Ya ce, "Ɗan aiken nan naka, in ya je ya ce a rage bashi, ana tambayarsa ko wa ya aiko shi?" Auta ya ce Baba ai dillali ba zai ma ga maɓallin ba. Tsoho ya ce, "Ban tambaye ka abin da zai gani ba. Abin da zai faɗa na tambaye ka." Auta ya ji wani abu ya ɗan soke shi a ƙirji, amma ya yi murmushi ya ce Baba ya kwantar da hankalinsa. Ma'aji ya ce to, hankalinsa a kwance yake.

Jikar tasa tana karatun kwamfuta ita ma, ta zo hutu. Da dare ya miƙa mata waya ya ce, "Amarya, duba mini abin nan, ki gaya mini me yake faɗa in ya je can." Ta ce tsoho ya fara son abin zamani ke nan, za ta nemi wani mijin. Ta haɗa wayar da kwamfutarta yadda duk saƙon da zai fita sai ya bi ta gabanta. Ta danna farashi, ga saƙo ya fito a fili: sunan aiki, sunan hatsi, lambar saƙo. Ba suna, ba kalmar sirri, ba komai. Ta buɗe cikin manhajar, ta tarar da sunayen sauran ayyukan a rubuce, har da biyun da aka ɓoye wa maɓalli. Ta daina dariya.

Ta ce masa wannan ba a kan Auta aka fara ba. Akwai WordPress, wanda ɗimbin shafukan duniya ke kansa, yana da irin wannan hanya mai suna xmlrpc.php, ta tsohon salon XML-RPC da Dave Winer ya fitar a 1998. Daga fitowar WordPress 3.5 a Disamban 2012 aka bar ta a kunne ga kowa. A watan Maris na 2014 kamfanin tsaro na Sucuri ya ba da rahoton cewa an yi amfani da shafuka fiye da 162,000 ta wannan hanya, aka sa su suka yi wa shafi ɗaya rubdugu har ya durƙushe, masu shafukan ba su ma sani ba. A 2015 kuma aka gano ana cusa ɗaruruwan kalmomin sirri na gwaji cikin saƙo guda ta wani aiki mai suna system.multicall. Ta ce su can ma ana tambayar kalmar sirri kafin a taɓa abu mai muhimmanci. Na Auta ko tambaya babu.

Tsoho ya ce to ta mayar masa da gero naira ɗaya. Ta ce Allah ya kiyaye, akwai dokar laifukan intanet ta 2015, shiga kwamfutar mutum ba izini laifi ne, ba za ta je gidan yari saboda tsohon miji ba. Ya ce ta yi gaskiya, izini kuma za a samo.

Washegari ya sami Alhaji a rumfa cikin mutane, ya gaishe shi, ya ce, "Alhaji, har yanzu abin da kwamfuta ta faɗa shi ne magana?" Alhaji ya ce shi ne. "Ko ni na zo saye?" Ya ce ko kai, Malam. "Ka yarda in sa a gwada mini ita, in ga ko tana da wayo kamar yadda ake faɗa?" Alhaji ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce a gwada ta duk yadda aka ga dama. Ma'aji ya juya ga mutanen rumfa ya ce sun dai ji.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, sai ga tsoho ya shigo da 'yan dako a bayansa da mota a bakin sito. Ya ciro naira ɗari sabuwa fil ya ajiye gaban Alhaji, ya ce a loda masa gero buhu ɗari. Alhaji ya ce Malam yau kuma wasa ake ji. Ma'aji ya ce a duba kwamfuta. Alhaji ya ciro waya ya duba, ya goge fuskarta da hannun riga ya sake dubawa. Wani dillali da ke wurin ya duba tasa. Gero, buhu, naira ɗaya.

Aka kira Auta. Yana ganin abin ya san daga inda ya fito, gumi ya karyo masa duk da sanyin da ake yi. Alhaji ya tambaye shi wa ya yi wannan. Ya buɗe rajistar saba, ya ga an kira canza_farashi bayan sallar asuba, ga lokaci, ga lambar intanet ɗin da saƙon ya fito, amma wurin suna babu komai. Ya ce bai sani ba. Alhaji ya ce kamar yaya bai sani ba, ba shi ya gina ta ba? Auta ya sunkuyar da kai ya ce ba a tambayi mai kiran sunansa ba, don shi ya hana a tambaya. Ya faɗi daren Talata duka, bai rage komai ba.

Rumfa ta yi tsit. Alhaji ya daɗe yana kallon naira ɗarin nan, sannan ya ce magana ya riga ya yi ta a gaban shaidu, a loda wa Malam kayansa. 'Yan dako suka motsa. Ma'aji ya ɗaga hannu ya ce su dakata, shi da tsohuwarsa ina za su kai buhu ɗari? Ɗaya ya ishe su. A ba shi buhunsa, a ba shi canjinsa naira casa'in da tara. Aka shiga laluben aljihu, aka aika rumfunan maƙwabta, duk faɗin layin aka rasa mai canjin da zai cika tara ɗin nan. Tsoho ya ce ba komai, a rubuta yana bin Alhaji, amma don Allah kada a rubuta a kwamfuta.

Dariyar ba ta daɗe ba. Da Auta da jikar Ma'aji suka zauna suka bi rajistar tun daga ranar taron dillalai, sai suka tarar an kira rage_bashi sau da yawa cikin dare, a lokutan da Alhaji ya rantse yana barci, kuma tun kafin yarinyar ta zo hutu. Wani ya riga su gano hanyar. Ko wane ne, ba wawa ba ne: bai rage wa mutum ɗaya ba, ya bi dillalai da dama yana zaftare wa kowa kaɗan-kaɗan, yadda ba za a nuna ɗaya a ce shi ne ba. Alhaji ya so ya tara su ya sa su rantsuwa, Ma'aji ya ce in ya yi haka zai ɓata da mutum goma saboda mutum ɗaya, kuma ɗayan ma ba zai kama shi ba. Sannan ya sa hannu a aljihun 'yar ciki ya ciro wani ɗan littafi da ya sha naɗi. Ashe tun ranar da aka ɗaure manyan littattafansa bai daina rubutu ba, duk motar da ta sauke kaya a bakin sito sai ya sa ta. Da wannan aka mayar wa kowa bashinsa daidai, ba a kira sunan kowa ba.

Gyaran ya ci kwana ukun nan da Auta ya kasa roƙo. Suka raba hanyar gida biyu, kamar yadda web2py ya ba da dama: ɗaya ta kowa, ba komai a kanta sai farashi, ɗaya kuma sai da suna da kalmar sirri, bisa HTTPS, kowane dillali da asusunsa, ba ya ganin bashin kowa sai nasa. Sauya farashi da rage bashi aka ce saba da kanta ta duba ko mai kiran yana cikin rukunin masu izini, kuma ta rubuta sunansa duk lokacin da ya kira. Rukunin mutum biyu ne, Alhaji da Baba Ma'aji. Da suka gama, yarinyar ta sake aika saƙonta na asuba ta hanyar kowa, saba ta mayar mata da lamba -32601, wadda a ƙa'idar JSON-RPC ke nufin babu aiki mai wannan suna. Auta da hannunsa ya goge alamar nan da rubutun da ke gefenta. Gero kuwa aka kai gidan Ma'aji a baro, aka yi fura da shi har azumi.

Kai kuma mai karatu, in kana da shafi a kan WordPress, yau ka rubuta xmlrpc.php a ƙarshen adireshinsa ka danna. In ya amsa maka da layi ɗaya na Turanci cewa saƙon POST kaɗai yake karɓa, to hanyar a buɗe take. Ka bincika ko akwai abin da ke amfani da ita a wurinka, irin su Jetpack. In babu, ka sa mai kula maka da shafin ya rufe ta kafin ka kwanta.